Yadda Ake Saita Damfin a Manhajar Nazarin Girgizar Gini da Injuna

A makarantun firamare da yawa, ƙararrawa tsohon rim ɗin mota ne da aka rataya a reshen darbejiya. Monita ya buga masa ƙarfe sau ɗaya, amon ya yi ta tafiya. Ya ɗora tafin hannunsa a kai, amon ya mutu nan take. Nauyin rim bai canza ba, taurinsa ma yana nan yadda yake; abin da hannu ya ƙara shi ne hanyar da ƙarfin girgizar zai bi ya fice. Wannan shanye ƙarfin girgiza shi injiniyoyi ke kira damfin, kuma a cikin abubuwa uku da ke mulkin girgiza shi kaɗai ne manhaja ba za ta iya fitar maka da shi daga zanenka ba. Nauyi tana samo shi daga girman sassa da irin ƙarfen. Tauri ma haka. Damfin kuwa kai za ka rubuta shi da hannunka, kuma duk abin da ka rubuta za ta karɓa ba gardama.

Ana auna shi da wani rabo da ake rubutawa da harafin Girka ζ, wato zita. Idan ζ ya kai 1, kashi 100 cikin 100 ke nan, abin da aka ja aka saka zai koma mazauninsa ba tare da ya yi lilo ko sau ɗaya ba. Gine-gine da firam ɗin ƙarfe ba su kusa da nan. Yawancinsu suna tsakanin rabin kashi 1 da kashi 7. Ƙaramar lamba ce, amma ga inda take da ƙarfi: a lokacin da saurin bugun inji ya zo daidai da saurin kaɗawar da ginin yake da shi a halittarsa, abin da ake kira rezonans, girman kaɗawar yana ninka lanƙwasar da wannan ƙarfin zai jawo a tsaye sau 1/(2ζ). Da kashi 5, ninki 10 ne. Da kashi 2, ninki 25. Da kashi 1, ninki 50. Wanda ya bar 0.05 a inda ya kamata ya sa 0.01 ya rage amsarsa sau biyar, kuma hoton da manhaja za ta zana masa ba zai nuna alamar kuskure ba.

Don kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi har ƙarshe. A ce an kawo maka dandamalin ƙarfe da aka haɗa da walda, za a ɗora janareta mai dizal a kansa. Wutarmu a Najeriya da Nijar mai 50 Hz ce, don haka irin waɗannan janaretoci yawanci suna juyi 1500 a minti, wato bugu 25 a kowace daƙiƙa, 25 Hz.

Mataki na farko: fitar da salon kaɗawa ba tare da damfin ba

Kafin ka taɓa akwatin damfin, gudanar da nazarin modal, wanda ke fitar da salon kaɗawar ginin ɗaya bayan ɗaya da saurin kowanne. A nan ba ka buƙatar damfin, domin tasirinsa a kan saurin kaɗawa ba ya taka kara ya karya: ko da kashi 5 ne, saurin yana raguwa da ƙasa da kashi 0.2 cikin 100. Abin da za ka kula da shi shi ne nauyin janaretan ya shiga samfurin, wato kwafin dandamalin da ka gina a cikin manhaja, a matsayin nauyi mai motsi, ba a matsayin lodi da aka danna ƙasa kawai ba, kuma ƙafafun dandamalin an ɗaure su yadda za a ɗaure su a fili.

Ka rubuta saurin kowane salo da rabon nauyin da ke motsi a cikinsa. A aikin girgizar ƙasa, ƙa'idoji irin su Eurocode 8 suna son salon da ka ɗauka su tattara aƙalla kashi 90 na nauyin ginin. A aikin inji kuwa, salon da ke kusa da saurin injin ya fi muhimmanci ko da nauyin da ke cikinsa kaɗan ne. A misalinmu, mu ce mun samu 6 Hz na rangaji gefe, 11 Hz na murɗawa, 18 Hz da 27 Hz na lotsawar daɓen sama da ƙasa. Wannan 27 ɗin ka sa masa ido.

Mataki na biyu: zaɓen ζ

A nan gizo ke saƙa. Manhajojin SAP2000, ETABS da STAAD.Pro duk suna zuwa da 0.05 a ajiye a wuraren da ake tambayar damfin na nazarin motsi, kuma mutane da yawa suna barin sa saboda sun saba ganinsa. Wannan kashi 5 ɗin lambar girgizar ƙasa ce. A kanta aka gina zanen sifektiram na ƙa'idojin gini, wato zanen da ke nuna yadda girgizar ƙasa za ta kaɗa gini bisa saurin kaɗawarsa, kuma tana ɗauka cewa ginin yana jijjiga sosai, kankare ya fara tsagewa, bango yana gugar ginshiƙi, mahaɗai suna zamewa. Duk waɗannan suna cin ƙarfin girgiza. Dandamalin da janareta ke kaɗawa da ƙasa da milimita ɗaya ba ya cikin wannan hali, don haka ba shi da wannan damfin.

Damfin yana ƙaruwa da girman kaɗawa, kuma mafi yawansa ba daga cikin ƙarfen yake fitowa ba, daga mahaɗai ne. Shi ya sa firam ɗin walda ya fi na bol da noti amo. Ƙa'idar iska ta Turai, Eurocode 1 kashi na 1-4, tana ba da lambobinta a matsayin raguwar logaridim, δ, wanda ake raba shi da 2π a samu ζ. Ginin kankare mai rodi 0.10 ne, wato kusan kashi 1.6. Ginin ƙarfe 0.05, kusan kashi 0.8. Hasumiyar ƙarfe mai saƙa irin ta sadarwa, idan ta walda ce 0.02, idan ta bol na gama-gari ce 0.05. A ɗaya ɓangaren, jagorar hukumar kula da nukiliya ta Amurka mai lamba 1.61 tana ba da kashi 4 ga ƙarfen walda da kashi 7 ga kankare mai rodi, amma don babbar girgizar ƙasa. Ƙarfe iri ɗaya, lambobi sun sha bamban, kuma dukkansu daidai ne a muhallinsu. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce girman motsin da kake nazari, sannan ka nemi teburin da ya dace da shi. Masu aikin tankin ruwa na sama su lura da wani abu daban: ruwan da ke tangal-tangal a cikin tanki ana ba shi kashi 0.5 ne kawai, ba a haɗa shi da na ƙafafun tankin.

Idan ginin yana tsaye, ko akwai irinsa a kusa, awo ya fi kowane tebur. Ka manna na'urar auna girgiza a daɓen, ka buga da gudumar roba, ko mutum ya ɗaga dugadugansa ya sake su da nauyinsa a tsakiyar daɓen, ka naɗi yadda kaɗawar ke lafawa. Ka ɗauki tsayin ƙololuwa ɗaya, ka ƙirga zagaye goma, ka ɗauki tsayin ta goman. A ce ta farko 4.0 ce, ta bayan zagaye goma 1.5. Logaridim na halitta na 4.0/1.5 shi ne 0.98, a raba da 10 a samu δ = 0.098, a raba da 2π a samu ζ = 0.016. Ko na'urar da ke cikin wayar hannu tana iya ba ka ƙiyasi a salon da ke ƙasa-ƙasa, kuma a ganina ƙiyasin da aka auna ya fi lambar da aka gada daga akwatin manhaja. Akwai hanya ta biyu idan kana da zanen amsa bisa sauri: ka nemo wurare biyu a gefen ƙololuwa inda tsayi ya sauka zuwa 0.707 na ƙololuwar, ka raba tazarar da ke tsakaninsu da ninki biyu na saurin ƙololuwar. Ƙololuwa a 18 Hz, gefuna a 17.6 da 18.3, ζ ya zama 0.7/36, kusan 0.019.

Ga dandamalinmu, da bututu da tankin mai da sauran kayan da aka ɗaura masa, mu ɗauki kashi 2 mu fara da shi. Za mu dawo mu gwada kashi 1.

Mataki na uku: wace hanya za a shigar da shi

Idan samfurinka bai da sashen da ke wuce iyakar lanƙwasa, ba gibin da ke buɗewa yana rufewa, to ka yi nazarin ta hanyar haɗa salon kaɗawa, ka ba kowane salo ζ nasa kai tsaye. Wannan ita ce hanya mafi tsabta, domin abin da ka rubuta shi kowane salo zai samu. A manhajar ANSYS umarnin DMPRAT yana ba duka salo lamba ɗaya, MDAMP yana ba kowanne nasa. A manhajar Abaqus *MODAL DAMPING ne. A manhajar Nastran teburin TABDMP1 ne, kuma ka zaɓi nau'in CRIT idan ζ kake rubutawa. Idan wannan hanya ta ishe ka, kada ka wahalar da kanka da abin da ke tafe.

Amma idan dole ne manhaja ta bi lokaci taki-taki tana warware dukkan lissafin kai tsaye, babu salo a hannunta da za ta raba wa ζ. Tana buƙatar cikakken matiris na damfin, wato teburin lambobin damfin na dukkan samfurin, kuma hanyar da kusan kowace manhaja ke gina shi ita ce wadda ke ɗauke da sunan Lord Rayleigh, masanin kimiyyar Ingila na ƙarni na 19.

Mataki na huɗu: lissafin alfa da beta

Damfin Rayleigh yana cewa C = αM + βK, inda C shi ne damfin, M nauyi, K tauri, α da β kuma su ne alfa da beta. Wani kaso na nauyi, wani kaso na tauri, a haɗa. Ba wai haka gini yake shan girgiza a zahiri ba. An zaɓe shi ne domin lissafinsa yana da sauƙi. Sakamakonsa shi ne ζ ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana canzawa da sauri:

ζ = α/(2ω) + βω/2

Ɓangaren alfa yana da ƙarfi a ƙananan sauri yana raguwa idan an hau, ɓangaren beta yana hawa a miƙe ba iyaka. Idan ka zana su tare za ka ga kwari mai gangare biyu. Tunda lambobi biyu kawai kake da su, a wurare biyu kawai za ka iya tilasta ζ ya zama abin da kake so. Tsakanin wuraren biyu damfin yana ƙasa da abin da ka nema, a wajensu yana sama.

Idan ζ ɗaya kake so a wuraren biyu:

α = 2ζω₁ω₂/(ω₁ + ω₂)
β = 2ζ/(ω₁ + ω₂)

Kuma ω a nan radiyan ne a daƙiƙa, wato 2π sau f, saurin da ke cikin Hz. Mu ɗauki 6 Hz, salo mafi ƙasa, da 30 Hz, wanda ya ɗan wuce saurin janareta da salon 27. ω₁ = 37.70, ω₂ = 188.50, jimlarsu 226.2. Da ζ = 0.02, α ya fito 1.257, β ya fito 0.000177.

Kada ka shigar da su tukuna. Buɗe Excel, ka jera sauri daga 1 zuwa 100 Hz, ka lissafa ζ na kowanne. A 6 da 30 za ka ga kashi 2 cif. A wajen 13 Hz, ƙasan kwarin, kashi 1.5. A 25 Hz, kashi 1.8. A 2 Hz ya haura kashi 5, a 100 Hz ya kai kashi 5.7. Yanzu ka san abin da kowane salo zai samu a zahiri, kuma ka ga cewa duk salon da ya faɗo wajen iyakokin biyu an danne shi fiye da kima. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a ɗaukar salo na farko da na biyu kawai a matsayin iyaka. Da mun ɗauki 6 da 11, salon 27 Hz, wanda shi ne abin tsoronmu, zai samu sama da kashi 3.

Faɗaɗa iyakokin ma yana da farashinsa. Injin silinda shida mai bugu huɗu yana fashewa sau uku a kowane juyi, don haka a juyi 1500 akwai bugu a 75 Hz. Idan ka miƙa iyakar sama zuwa can, ƙasan kwarin zai sauka zuwa kusan kashi 1, kuma ya faɗo a wajen 21 Hz, dab da inda kake aiki. Wannan kuskure ne ta ɓangaren tsaro, amsar za ta fi gaskiya girma, amma ka san da shi. Ni nakan gwammace in raba nazarin gida biyu, kowanne da alfa da betansa, da in ja kwari ɗaya ya rufe komai.

Sai kuskuren da na fi gani a ayyukan da ake kawo mini in duba: mantawa da 2π. Mutum ya sa 6 da 30 kai tsaye a cikin lissafin, ya samu α = 0.2 da β = 0.00111. Abin da ya sa wannan kuskure ke da wuyar kamawa shi ne a salon farko ba ya nuna kansa. Ka lissafa ζ na gaskiya a 6 Hz da waɗannan lambobi, za ka samu kashi 2.4, kusa da abin da aka nema. Amma a 25 Hz ya zama kashi 8.8, a 30 Hz kashi 10.5. Wanda ya duba salon farko kawai zai ce komai lafiya, alhali ya ninka damfin da ke saurin janaretan kusan sau biyar.

Mataki na biyar: shigarwa, da tarkunan da ke cikin akwatuna

A ANSYS alfa da beta su ne ALPHAD da BETAD, ko a Workbench na ANSYS ƙarƙashin saitin nazari, sashen damfin. A Abaqus suna cikin bayanin kayan gini, *DAMPING da ALPHA da BETA, wanda ke nufin kowane irin ƙarfe ko kankare da ka ƙirƙira sai ka ba shi nasa. Wanda ka manta ba shi da damfin ko kaɗan. A Nastran PARAM ALPHA1 da ALPHA2 ne. SAP2000 da ETABS suna barin ka rubuta sauri biyu ko tsawon zagaye biyu da ζ na kowanne su yi lissafin da kansu, kuma hakan ya fi aminci.

Ka karanta abin da akwatin ke tambaya da kyau. Wani yana son 0.02, wani yana son 2. Alfa ma'auninsa ɗaya bisa daƙiƙa ne, beta daƙiƙa ne, don haka idan samfurinka yana aiki da milidaƙiƙa, kamar yadda ake yawan yi a nazarin karo, alfa zai koma 0.001257, beta ya koma 0.177.

Akwai wani nau'in damfin da ake kira na tsari, wanda ba ya canzawa da sauri, ana rubuta shi g ko η. Shi ne PARAM G da GE a Nastran, DMPSTR a ANSYS, STRUCTURAL a Abaqus. A wurin rezonans g ninki biyu ne na ζ, don haka kashi 2 yana nufin ka rubuta 0.04. Wanda ya rubuta 0.02 ya ba samfurinsa kashi 1. Wannan nau'in ya dace da nazarin amsa bisa sauri. A nazarin lokaci Nastran sai ta mayar da shi irin na ruwa-ruwa, kamar na shokozoba, a wani sauri guda da kai za ka faɗa mata ta W3 da W4, a radiyan, kuma idan ka bar su a sifili za ta yi watsi da damfin ɗin gaba ɗaya ba tare da ta tsaya ba.

Sannan manhajoji suna tara duk damfin da ka ba su. Idan ka sa ζ na salo, kuma akwai beta da ya rage a cikin bayanin ƙarfe daga wani tsohon aiki, su biyun za su haɗu. Duk lokacin da ka gaji samfuri daga hannun wani, ka bincika kowane wuri da damfin zai iya ɓuya kafin ka ƙara naka.

Robobin da janaretan ke zaune a kansu lamarinsu daban ne. Damfin nasu ya fi na ƙarfe, kuma a wuri ɗaya yake, don haka ba a narkar da shi cikin alfa da beta. Ana sa su a matsayin sifirin da shokozoba: COMBIN14 a ANSYS, CBUSH a Nastran, dashfot a Abaqus. A ce janaretan kilo 3000 ne, yana lilo a kan robobinsa a 8 Hz, mai ƙera robar ya ba da kashi 5. To damfin robobin, c = 2ζmω, inda m shi ne nauyin janaretan, wato 2 × 0.05 × 3000 × 50.3, kusan 15,000 N·s/m, a raba wa robobi shida, kowacce 2,500. Irin wannan damfin na wuri guda yana sa salon kaɗawa su shiga juna, don haka ka yi amfani da hanyar warware dukkan lissafin kai tsaye ko mai warware salo masu damfin, kamar QRDAMP a ANSYS. Ka kuma lura cewa alfa yana aiki kamar an jiƙa dukkan samfurin a cikin mai, yana jan duk abin da ke motsi ko da bai lanƙwasa ba. Ga abin da ke shawagi a kan roba mai laushi ko abin da ke faɗowa, alfa babba yana ƙirƙiro birkin da babu shi a duniya.

Mataki na shida: tazarar lokaci da damfin da ba ka sa ba

Hanyar da manhaja ke bin lokaci tana iya cin girgiza da kanta. Hanyar Newmark ta 1959, da lambobinta gama 0.5 da beta 0.25 (ba betan Rayleigh ba), ba ta cin komai. Hanyar HHT ta 1977 an yi ta ne da gangan don ta danne hayaniyar manyan sauri, da lamba tsakanin 0 da −1/3. Abaqus/Standard kan fara da −0.05. Idan tazarar lokacinka ƙarama ce, wannan ba ya taɓa salon da kake so. Idan babba ce, yana cinye su. Ka ba zagaye mafi sauri da ka damu da shi aƙalla taki 20: ga 30 Hz, 1/600 ke nan, kusan daƙiƙa 0.0017.

A nazarin amsa bisa sauri matsalar takan zo ta wata fuska. Faɗin ƙololuwa kusan 2ζf ne, wato a 27 Hz da kashi 2 bai fi 1.1 Hz ba. Idan kana tsallake 1 Hz a kowane taki, za ka iya haye ƙololuwar ba ka taka ta ba. Ka matse takin zuwa 0.1 Hz a kusa da kowane salo, ko ka kunna zaɓin da ke tara maki a wurin, irin FREQ4 a Nastran.

Masu aiki da Abaqus/Explicit ko makamancinsa su yi hattara da beta. Yana ba salo mafi sauri na ƙananan sassan da aka yanka samfurin damfin mai yawa, wanda ke rage tazarar lokacin da lissafin zai iya ɗauka, har aikin awa ɗaya ya koma na kwanaki. A can alfa aka fi amfani da shi. Haka kuma a nazarin da ƙarfe ke wuce iyakarsa yana lanƙwasa, beta da aka ɗaura a kan taurin farko yana ci gaba da ba da ƙarfin damfin kamar ginin bai yi laushi ba, sai ya kare ginin da ƙarfin bogi. Manhajar OpenSees tana barin ka zaɓa tsakanin taurin farko da na yanzu da na takin da ya gabata. Kuma tunda lanƙwasar kanta tana cin ƙarfi a cikin samfurin, ζ da za ka ƙara ya kamata ya sauka, kada a ƙirga abu ɗaya sau biyu.

Mataki na bakwai: sa samfurin ya nuna maka damfin nasa

Wannan matakin minti goma ne, kuma shi nake roƙon kowa kada ya tsallake. Ka yi wa samfurin abin da monita ya yi wa rim. Ka tura dandamalin gefe da ɗan lodi, ka sake shi, ka bar shi ya lafa, da saitin damfin da tazarar lokacin da za ka yi ainihin aikin da su. Ka zana motsin wuri ɗaya bisa lokaci. Da kashi 2, bayan zagaye goma tsayin ya kamata ya sauka zuwa 0.285 na farko, kuma ya kai rabi a wajen zagaye biyar da rabi. Ƙa'idar da za ka riƙe a ka ita ce 0.11 a raba da ζ. Idan ya mutu a zagaye uku, akwai damfin da ya shigo ta bayan gida. Idan bai lafa ba sam, manhajar ba ta karanta abin da ka rubuta ba. Kuma saboda abin da muka gani game da 2π, kada ka tsaya a salon farko: ka buga daɓen daga sama domin ka tada salon 27 Hz, ka ƙirga nasa shi ma.

Mataki na takwas: gwada lambar da ba ka so

Yanzu ka gudanar da ainihin nazarin sau uku, da kashi 1, 2 da 5. A misalinmu janareta yana 25 Hz, salo yana 27. Ninkin da za ka samu shi ne kusan 7.0, 6.8 da 5.9. Bambancin kaɗan ne, domin ba a kan rezonans ɗin kake ba, a gefensa kake, kuma a gefe tazarar sauri ce ke mulki, ba damfin ba. Wannan bai kamata ya kwantar maka da hankali ba. Tsakanin 25 da 27 kashi 8 ne kawai, kuma samfuri yana iya kuskuren da ya kai haka daga taurin mahaɗai, daga tushen da bai kai yadda aka zata ƙarfi ba, ko daga tankin mai da aka cika. Ka ƙara nauyi ko ka rage taurin mahaɗan har salon ya sauko 25, ka sake gudu ukun. Yanzu ninkin 50, 25 da 10 ne, kuma lafiyar waldar ta rataya a kan lambar da ka fi kowace rashin tabbas da ita.

Idan ka samu kanka a nan, ka koma kan zanen. Ka ƙara bim a ƙarƙashin mazaunin janaretan ko ka rage tsawon da ke tsakanin ginshiƙai har salon ya hau 35 Hz. A can ninkin kusan 2 ne, ko ζ kashi 1 ne ko kashi 5. Sai ka sake nazarin modal, domin sauran salon ma sun motsa, ka duba kada 18 ya hau ya zauna a inda 27 ya tashi, ka sake lissafa alfa da beta da sababbin iyakoki. A rahoton da za ka miƙa, ka rubuta ζ da ka ɗauka da inda ka samo shi, sauri biyun da ka kafa Rayleigh a kansu, da zanen lafawar da ka samu a mataki na bakwai.